Sharhi: Mai Neman Dabbar Iri A Mubi Ya Fara Neman Makiyayi Kafin Dillali

Kasuwar shanu ta Mubi, a arewacin Jihar Adamawa, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Kasancewar garin kusa da kan iyaka ya sa ake koro mata shanu daga Kamaru da Chadi, a kuma loda su a tireloli zuwa Legas da Onica da Fatakwal. Ko mamayar da 'yan Boko Haram suka yi wa garin a watan Oktoba na 2014, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba, ba ta raba Mubi da wannan matsayi ba.

Sai dai akasarin wannan ciniki na dabbar yanka ne. Akwai kuwa wani rukuni na masu saye da bukatarsu ta sha bamban, wato ma'aikatan da suka yi ritaya, da ƙananan 'yan kasuwa, da matan da suka kwashi adashi, waɗanda ke neman karsana ko bijimi ko tunkiya domin kafa kiwo. Irin waɗannan mutane su ne suka fi kowa tafka hasara a kara, domin suna shiga kasuwar nama da niyyar sayen iri.

Bambancin a fili yake. Mahauci yana duba ƙiba da nauyi, cikin 'yan kwanaki kuma wuƙa za ta nuna masa ko ya yi riba ko ya faɗi. Mai sayen iri kuwa abubuwan da ido ba ya gani yake biya wa kuɗi, kamar yawan haihuwa, da yawan nono, da juriya ga cuta. Saniya tana ɗaukar ciki wata tara, kuma karsanar gida takan kai wajen shekara huɗu kafin haihuwar fari. Saboda haka wanda ya sayi juya zai iya shafe shekara biyu yana sayen dusa da harawa da ƙuli-ƙuli kafin ya tabbatar da abin da ya same shi, alhali mai sayarwa ya daɗe da tsallake iyaka.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan matsala. A shekarar 1970, wani masani ɗan Amurka mai suna George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya bayyana ta da misalin cinikin tsofaffin motoci. Idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai aibi ba, to ba zai taya ba sai da farashin tsaka-tsaki. Mai kaya nagari sai ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye kayansa, a bar kasuwa da masu neman rabuwa da ƙaya. Haka lamarin yake a kara. Sanin kowa ne Bafulatani ba ya fitar da nagge mai nono da haihuwa duk shekara sai da matsananciyar larura. Abin da yakan kai kasuwa shi ne bijiman da suka yi masa yawa, da tsofaffin shanu, da wadda ta yi ɓari, da wadda ta ƙi ɗaukar ciki. Yin hakan dabarar kiwo ce, ba ha'inci ba, amma sakamakonsa ga mai neman iri ɗaya ne.

Bugu da ƙari, akwai cututtukan da ke ɓuya. Bakkale yana sa saniya ɓari a ƙarshen ciki, yana kuma kama ɗan Adam ta hanyar shan ɗanyar madara, amma dabbar da ke ɗauke da shi tana iya tsayawa a kara sumul. Ciwon huhu ma haka yake, domin wadda ta yi kamar ta warke tana iya ci gaba da yaɗa shi a garke. Dattawan makiyaya ba su manta da annobar bushiya ta 1983 ba, wadda ta share garkuna da dama a Arewa. An sanar da kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya a 2011, amma ciwon huhu da bakkale da boru suna nan, kuma kasuwar da ke haɗa shanun ƙasashe daban-daban mahaɗarsu ce.

Wasu za su ce ai don haka aka yi dillali. Babu shakka dillali yana da muhimmiyar rawa, shi ne ke saukar da baƙo, shi ne ke shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, shi ne kuma ke tsayawa a biya kuɗi. Amma la'adarsa tana fitowa ne ranar da aka sallama, ba ranar da karsana ta haihu ba. Sau da yawa kuma dabba takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare shi, ta yadda ko da shi mai amana ne, ba shi da labarin uwarta balle na kakarta.

Mafita ta farko tana hannun mai saye. Ya kamata ya tambayi malaman dabbobi da ardo-ardo da waɗanda suka riga shi kiwo, su nuna masa makiyayin da ke zaune wuri guda, wanda za a iya komawa gare shi. Ya je ruga da kansa, ya ga uwar karsanar da 'yan uwanta, ya halarci tatsar safe kwana biyu ko uku a jere. Yin haka zai tsare shi daga tsohuwar dabarar ƙin tatsar saniya domin hantsarta ta cika a ranar ciniki, dabarar da fiƙihun ciniki ya hana, har ya ba mai saye damar mayar da dabbar. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, domin manyan haƙoran gaba biyu na farko sukan fito ne wajen shekara biyu. Ya nemi shaidar allurar rigakafi, ya kuma biya likitan dabbobi ya ɗebi jini a gwada bakkale. Bayan an kawo ta gida, a ware ta mako uku zuwa huɗu kafin a haɗa ta da sauran dabbobi. Makiyayin da ya ƙi a ga garkensa, ko ya matsa a biya nan take, ya riga ya ba da amsa.

Har ila yau, a yi hattara da masu tallar "saniyar Turai". Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana haɗa irin Firishiyan da Bunaji, tare da rubuta asalin kowace dabba. Baƙi da fari a jikin maraƙi ba hujja ba ne. Ko da ta tabbata ruwa biyu ce, tana bukatar abinci da inuwa da maganin kaska fiye da abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya ɗauka. Gudalin Adamawa ko Bunaji ko Rahaji da aka san asalinta ta fi masa alheri.

Mafita ta biyu tana wuyan hukuma. Ƙasashen da kiwo ya bunƙasa sun magance wannan matsala ne da rubutu. A Ingila an fara buga littafin asalin shanun Shorthorn tun 1822. Hatta a cinikin karnukan gida, dokar da ta fara aiki a can a watan Afrilu na 2020 ta hana 'yan tsakiya sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai mai saye ya je wurin wanda ya kiwata shi ko gidan kula da dabbobi. A nan ilimin bai yi ƙaranci ba, domin Fulani suna iya lissafo jerin uwayen saniya da ka. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi takarda.

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024, ya dace Gwamnatin Jihar Adamawa ta yi amfani da wannan dama. A ware wa dabbobin iri sashe na musamman a kasuwar Mubi, a yi rajistar makiyayan da suka yarda a riƙa duba garkensu, a maƙala wa dabba lamba a kunne tare da katin da ke nuna uwa da uba da ranakun allura. Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi tana iya riƙe kundin, ƙungiyoyin makiyaya da na dillalai kuma su tsaya a kan hukunta wanda ya yi ƙarya. Ba sai an tilasta wa kowa ba, domin da zarar dabba mai kati ta fara fin marar kati daraja, makiyaya da kansu za su nemi shiga.

Babu shakka wannan zai ƙara wa dabbar iri tsada, kuma mai saye zai kashe kuɗin mota da na likita kafin ya sami abin da yake so. Amma in aka kwatanta da kuɗin ciyar da juya na shekara biyu, za a ga sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Kafin hukuma ta motsa, duk mai niyyar zuba kuɗin sallamarsa ko jarin iyalinsa a kiwo, ya tabbata ya ga uwar dabba da idonsa kafin ya ƙirga wa kowa ko sisi.