Sitaj a Faransa: sauƙin wa?

Ɗalibi baƙo a Faransa ba ya buƙatar izinin aiki domin yin sitaj. Yarjejeniya tsakaninsa da jami'a da kamfani ta isa. Mahukunta na kiran wannan sauƙi. To, sauƙin wa? Tun da doka ba ta ɗauki sitaj aiki ba, albashi ya faɗi. Dokar 2014 ta wajabta ɗan hasafi ne kawai in sitaj ya wuce wata 2: yuro 4,35 a awa a 2025, alhali mafi ƙanƙantar ladan ma'aikaci yuro 11,88 ne. In bai wuce wata 2 ba, ko dala. A shekarar kuma, ofishin perfe ya ce sai ɗalibin ya nuna yuro 615 a wata, sama da jika 400, kafin a sabunta masa takardar zama. Kamfanin Paris na cin gumin ɗa, uba a kasuwar Maradi na biya.