Zanzibar: Inshorar Baƙi Da Lodin Jirgin Ruwa

Tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi 'yan ƙasashen waje sayen inshorar dala 44 kafin su shiga tsibirin. Matakin ya shafi masu yawon buɗe ido ne, alhali jiragen ruwan da ke tasowa daga Dar es Salaam, tafiyar kimanin sa'o'i biyu, cike suke da 'yan ƙasa, musamman 'yan kasuwar da ke saro kaya a Kariakoo.

Su kam, abin da ke tsare rayukansu shi ne ƙidayar fasinjoji da auna kaya a tasha. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodi fiye da ƙima, ɗaruruwan mutane suka halaka. Bayan wata goma, Skagit, tsohon jirgin da aka sayo daga Amurka, ya kife, har ministan da ke kula da sufuri ya yi murabus.

Gaskiya ne an kawo sababbin jirage tun daga lokacin. Sai dai jarrabawar hukuma tana zuwa ne a jajibirin Sallah, lokacin da tasha ke cika maƙil, kowa na roƙon a ƙara masa gurbi.