Gaya Uku, Rubutu Ɗaya: Darasi daga Italiyanci

Ɗalibin da ke koyon karatu a makarantun Gaya da Ajingi yakan ci karo da kalmar "gaya" a ma'anoni uku: sunan garin da tarihin Kano ya danganta Abagayawa da shi, da aikatau na sanar da magana, da kuma tuwon da babu miya. A baki, tsawon wasali da karin sauti ne ke rarrabe su. A takarda kuwa kamarsu ɗaya, domin daidaitacciyar Hausa ba ta nuna ko ɗaya daga cikin biyun.

Italiyanci ya yi kama da Hausa wajen son buɗaɗɗiyar gaɓa da nannage baƙi, sai dai shi da ƙarfin furuci yake aiki. Ƙarfin yakan sauka ne a kan gaɓar kusa da ta ƙarshe, don haka ba a yi masa alama. Idan ya koma gaɓar ƙarshe, alama ta zama tilas: papa shi ne Fafaroma, papà kuma uba. Wato rubutun nasu ya yi tsimin alama, ya ajiye ta inda furuci ya saɓa wa al'ada.

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB. Sunan Ajingi kansa ya isa misali, domin gaɓarsa ta farko da hamza take farawa, ko da yake ba a rubuta ta, ta tsakiya kuma rufaffiya ce. Matsalar tana tsakanin BW da BWW, waɗanda boko ya haɗe, alhali kan wannan bambanci na nauyi aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙa. Ajami ma yana da hanyar nuna dogon wasali. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna tsayi da kari, amma abin ya tsaya a hannun masana.

Masu cewa muhallin kalma ya wadatar suna da hujja game da wanda ya ƙware a karatu. Mai koyo fa, wanda har yanzu gaɓa-gaɓa yake haɗawa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya riga ya furta kalmar ba daidai ba.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su tattara kalmomin da ke rikitarwa, irin su gari da kuka da fari, su amince da alama ɗaya da za a riƙa sa musu a littattafan firamare kaɗai. Ƙa'idojin rubutu na gama-gari su zauna yadda suke.