Kada Makiyayi Ya Tashi Ba Rediyo A Aljihunsa



Kafin wannan yaƙi, an kai wani lokaci da in aka ga dattijo rataye da akwatin rediyo a kasuwar dabbobi ta Sinja ko ta Damazin, sai samari su riƙa zunɗensa, wai an bar shi a baya, duniya ta koma wayar hannu. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne dattijon ne mai gaskiya, kuma ya kamata duk garken da zai tashi, da duk falken da zai bi dabbobi zuwa kasuwa, a samu ƙaramar rediyon aljihu a cikin kayansu, kamar yadda ba a tashi ba sanda da salka.

Ba sai mun tsawaita hujja ba, domin kowa ya ɗanɗana. A farkon watan Fabrairu na 2024, wata goma bayan ɓarkewar faɗa tsakanin soja da dakarun RSF, aka wayi gari layukan Zain da MTN da Sudani duk sun ɗauke. A wasu jihohi sun dawo bayan 'yan makonni, amma ƙauyukan Jazira sun yi watanni ba layi. Falken da kuɗinsa ke cikin Bankak ya koma kamar wanda ba shi da ko sisi, wanda ke son jin lafiyar iyalinsa kuwa sai ya je inda aka kafa faifan Starlink ya biya kuɗi ya bi layi. Wayar da aka saya da kuɗin ɗan maraƙi ta zama fitila kawai. A wannan duhu, wanda ya san inda aka kwana shi ne mai 'yar rediyo, domin muryar da ke zuwa ta gajeren zango daga wata ƙasa take tasowa, babu turken da za a kashe a Madani ko a Hartum ta yi shiru.

Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, da labarin matafiya suka riƙa sanin hanyar da ke da ruwa da wadda ke da mugu. Mu ma har gobe tafiyar muke yi: da damina mu gudu wa laka da ƙuda mu yi arewa, da rani mu gangara kudu neman ruwa da ciyawa. Sai dai a yau abin da zai tare mana hanya sau da yawa a ofis ake yanke shi, mu kuwa muna daji. A watan Yuli na 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, makiyayar rani da muka saba ta koma bayan iyaka, sa'an nan a Satumba na shekarar faɗa ya tashi a Damazin. A 2013 aka gama ƙara tsawon dam ɗin Rusairis da mita 10, ruwa ya cinye fadamu da ƙauyuka. Ga kuma babban dam na Habasha da aka buɗe a Satumba na 2025, wanda ya sa hawa da saukar kogi ba su bin lissafin da iyayenmu suka koya mana. Wanda ya kafa ruga a bakin kogi yana bukatar ya ji sanarwar ruwa kafin ruwan ya iso.

Amma misalin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne canjin kuɗi. Ranar 10 ga Disamba 2024 aka soma canja takardun fam 500 da fam 1000 a jihohin da ke hannun soja, har da Sinnar da Nilul Azrak, wa'adin kuwa na 'yan makonni ne, kuma ta hanyar zuba kuɗin a asusun banki. To, wane ne ke yawo da kuɗinsa ɗaure a lalita, nesa da banki tafiyar kwana biyu ko uku? Mu ne. Kuma wane ne dillali maras tsoron Allah zai nema ya juye wa tsofaffin takardu ya kora bijimi? Wanda bai ji sanarwa ba. Haka nan cutar nan ta Rift Valley, wadda sauro ke yaɗawa, mai sa tumaki ɓari: a ƙarshen 2007 ta ratsa Nilul Abyad da Sinnar da Jazira, ta kashe mutane fiye da 200, Saudiyya ta rufe ƙofarta ga dabbobin Sudan, ta kuma sake rufewa a Oktoba na 2019. Ran da aka rufe ƙofar Sawakin, farashin rago yakan faɗi tun daga Muwailih ta Umdurman har ƙaramar kasuwar ƙauye. Falken da ya ji da asuba ya san abin da zai taya, wanda bai ji ba ya saya da tsada ya kwana da hasara.

To, wace rediyo? Nan ne muke son a tsaya a fahimta, domin 'yan tireda sun koyi wata kalma, wai dijital, suna kuma sayar da ita da tsada. Kalmar nan abu biyu take nufi, kuma ɗaya daga ciki ba shi da amfanin komai a ƙasar nan.

Na farko shi ne rediyon da ke nuna lambar tasha a ɗan gilashi maimakon allurar da ake murɗawa. Wannan alheri ne. Da can, neman tasha a gajeren zango sai mai haƙuri, ka murɗa kaɗan ka faɗa tashar Sin, ka dawo kaɗan ka ji Habashawa, raƙumi ko jaki ya girgiza ka allura ta goce. Mai lamba kuwa in ka samu tasha sau ɗaya, sai ka adana ta, gobe yaro ma ya danna ta fito. Ga ta ƙarama, ba ta fi tafin hannu ba, tana shiga aljihun 'yar shara. Kamfanoni irin su Tecsun suna yin masu kyau, akwai kuma na jabu birjik.

Na biyu shi ne rediyon da aka rubuta wa DAB a jiki. Wannan wata hanyar watsa shiri ce ta ƙasashen Turai, irin su Ingila da Jamus da Norwe, wadda ma ta rufe manyan tashoshinta na FM a 2017 ta koma kanta. Tana bukatar turakun watsawa na musamman a kusa da mai saurare, a Sudan kuwa babu su. Irin waɗannan akwatuna sukan shigo cikin kayan gwanjo ko tsarabar 'yan ci-rani, ga kyau ga sheƙi, amma in ka kai su bayan Mazmum ba abin da za su kama, in ban da FM, ita ma in an yi sa'a. Kada kyan akwati ya ruɗi kowa. Abin da za a duba a jikinta haruffa ne guda uku: SW, wato gajeren zango, da MW ko AM, wato matsakaicin zango, da FM. In babu SW, a ajiye ta, ko da kyauta ce a karɓa a ba yara.

Dalili kuwa shi ne FM ta gari ce, tafiyarta miƙe take kamar hasken fitila, in ka yi nisan kilomita 'yan gomomi ko ka faɗa bayan dutse ta ɓace. Matsakaicin zango yakan yi nisa da dare. Gajeren zango shi ne ke tashi sama ya daki wani rufi na iska ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita, shi ya sa ya fi dacewa da mai yawo. Yana da halinsa, wanda ya san shi ba ya shan wahala: da rana manyan lambobi ke aiki, wajen 15,000 zuwa 17,000 da wani abu, abin da tsofaffin masu saurare ke kira mita 19 da mita 16, da dare da asuba kuwa sai a sauko wajen 6,000 da 7,000 da 9,000, wato mita 49 da 41 da 31. Bugu da ƙari, tashoshin waje sukan sauya lambobinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyar rediyo a wannan lokaci suna cewa ta lalace, alhali tasha ce ta yi ƙaura. In an ji an faɗi lokaci da agogon GMT, a ƙara awa biyu, shi ne agogon Sudan tun 2017.

Wajen saye, kada a yarda da gwajin FM a cikin kasuwa, kowace kwaraɓaɓɓiya tana kama wannan. A sa mai kanti ya kamo gajeren zango a gabanka. A fifita mai cin ƙananan batura na kanti a kan wadda sai an yi mata caji kaɗai, domin batir ana samunsa a kowace kasuwar mako, wuta kuwa sai inda hali ya yi. Mai ɗaukar duka biyu ta fi. Sa'an nan a nemi siririyar waya mai tsawon kamu goma ko fiye, a naɗa bakinta a eriya a jefa sauran a kan aduwa ko farar ƙaya, za a ji murya ta fito tas. In hadari ya taso a cire ta nan da nan saboda tsawa. A kuma nisanta rediyo daga faifan hasken rana da na'urar caji, su ne ke kawo ƙugin nan da ake ɗora wa tasha laifinsa. Ƙura da raɓa kuwa maganinsu leda da tsumma.

Akwai wasu abubuwa biyu da zamanin tsoro ya koya mana. Rediyo mai maɓallai da doguwar eriya tana iya kama da oba-oba a idon yaron da ke tsaye da bindiga a shingen hanya. Saboda haka kada a ɓoye ta a ƙasan kaya kamar abin laifi, a bar ta a fili, in an tambaya a kunna ta ta yi magana da kanta. Ita dai karɓa kawai take yi, ba ta aikawa, ba ta ɗauke da hoto ko saƙon da za a bincika a ƙulla wa mutum sharri, wanda ba za a faɗi haka game da waya ba. Na biyu, da dare a rage murya, domin sauti yana tafiya a fili, ɓarawon shanu kuma da kunne yake farauta. Samarin da ke toshe kunnuwa biyu da abin saurare suna bin garke, muna roƙonsu su bar ɗaya a buɗe. Kuma ramin nan na katin waƙoƙi da wa'azi ba laifi ba ne, amma in ya cinye batir kafin lokacin labarai, an yi asarar kuɗin akwatin.

Sai dai fa akwati ba ya magana in babu mai magana a ɗaya gefen, kuma a nan ne damuwarmu take. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairu na 2023 bayan shekara 85, wata uku kacal kafin yaƙi, har sai da ta dawo da wani ɗan gajeren shiri domin Sudan a watan Mayu. Gidan rediyon Umdurman, wanda ke magana tun 1940, ya faɗa hannun RSF a farkon yaƙi, soja ba su karɓe shi ba sai a Maris na 2024. A Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi tsit, har da sashenta na Hausa da aka buɗe a 1979. Rediyo Dabanga, mai watsowa daga Holan tun 2008, ita ma ta rage shirye-shirye a 2025 da tallafi ya yanke. Sassan Hausa na waje kuwa, tun daga na BBC da ya soma a 1957, Afirka ta Yamma suke fuskanta, in mun kamo su mukan ji daɗin harshe da labarin Kano da Sakkwato, amma ba za su gaya mana ko an buɗe hanyar Dindir ba.

Wannan aiki na gidajen rediyon jihohi ne, na Madani da Sinja da Damazin, kuma muna kira gare su da babbar murya. Abin da muke nema kaɗan ne: rabin awa tsayayye kowace rana, bayan sallar magariba lokacin da shanu suka dawo, da Hausa da Fulatanci, a kan zangon da ke kai wa daji. A faɗi burtalin da ke buɗe, wanda Larabawa ke kira murhal, da wanda manyan gonakin inji na Dali da Mazmum da Agadi suka toshe. A faɗi ranar da za a saki gonaki bayan girbin dawa, domin rabin rigimarmu da manoma daga rashin sanin wannan rana take tashi. A faɗi hafirin da ke da ruwa, da inda ake allurar ciwon huhu, da inda aka ga nakiya, da farashin jiya a manyan kasuwanni. Matanmu da yawa da tsofaffinmu ba sa jin Larabcin 'yan jarida, su ne kuma ke zaune a ruga tare da akwatin.

Muna da wani dalilin da ya fi waɗannan nauyi. A watan Yuli na 2022, rikicin da ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Nilul Azrak ya ci rayuka fiye da 100, a Oktoba kuma aka sake rasa wajen 200 a yankin Wad al-Mahi. Duk wanda ke nan ya san yadda saƙonnin waya suka riƙa yawo a kwanakin, murya ba suna ba gari, kowa na tura wa na gaba, gaskiya da ƙarya a cakuɗe. Rediyo ma takan yi kuskure, ta gwamnati kuma takan faɗi abin da gwamnati ke so, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma mai magana a cikinta yana da suna, tashar tana da mazauni, gobe ana iya tuhumarta. Shi ya sa muke ba ardo-ardo da sarakunan zango shawara, duk labarin da zai sa a kwashe ruga ko a ɗauki makami, kada a motsa sai an ji shi daga tasha biyu da ba su ga maciji da juna, sa'an nan a tura ɗan leƙen hanya ya gano da idonsa, ya dawo ya faɗa.