Tsawa Ba Ta Raba Mashayi Da Kwalba

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da mashaya, likita ne ko ma'aikacin jinya ko malamin ba da shawara a makaranta, ya san wannan yanayi. A zaunar da saurayi, a jero masa illolin abin da yake sha, a tuna masa hawayen mahaifiyarsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya rantse ya daina. Bayan mako biyu a tsince shi inda aka saba tsintarsa, nan take a ce taurin kai ne. Sai dai binciken masana halayyar ɗan'adam ya nuna cewa salon mai magana yana da nasa kason a wannan rashin nasara, kuma kaso ne babba.

A Amurka, har zuwa wajejen 1980, yawancin cibiyoyin kula da mashaya giya sun dogara ne da titsiye: a tsare mutum da zafafan kalamai har sai ya amsa da bakinsa cewa shi mashayi ne. A shekarar 1983 wani masani a Jami'ar Niyu Meziko mai suna William Miller ya wallafa maƙalar da ta kawo wata hanya daban, wadda za a iya kiranta hirar zaburarwa. Tunanin ya tsiro ne a wani asibiti kusa da birnin Bergen na ƙasar Norwe, inda matasan ma'aikata suka riƙa tambayarsa dalilin kowace kalma da yake faɗa wa majiyyaci. A 1991 shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafin da ya yaɗa hanyar a duniya. A 1993 kuma Miller da abokan aikinsa suka ba da rahoton gwajin da suka yi da mashaya 42. Abin da suka gano shi ne, gwargwadon yadda mai ba da shawara ya yawaita titsiye da gardama, gwargwadon yawan giyar da mutumin yake sha bayan shekara guda.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Mashayi mai zuciya biyu ne: yana son ya daina, kuma yana son abin da yake sha. Idan mai shawara ya ɗauki ɓangaren dainawa ya kama huɗuba, abin da ya rage wa majiyyaci shi ne ya kare ɗaya ɓangaren. Sai ya ji kansa yana cewa ai shansa bai kai na wane ba, kuma yana iya bari duk ranar da ya ga dama. Mutum kuwa ya fi gaskata abin da ya fito daga bakinsa. Tun a 1966 Jack Brehm ya bayyana cewa ɗan'adam yakan turje idan ya ji ana neman tauye masa 'yancin zaɓi, ko da abin da ake kiransa gare shi alheri ne.

Ilimin halittu ma yana da abin cewa. Kayan maye suna tsokanar sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, kuma da yawan maimaitawa sai shan ya zama al'adar da wuri, ko aboki, ko ɓacin rai kaɗai ke iya tayar da ita. Sashen goshin ƙwaƙwalwa, wanda ke auna gobe ya ja wa zuciya linzami, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma tsoro da tashin hankali suna raunana aikinsa. Ashe mai tsawa yana raunana sashen da yake neman taimakonsa ne.

To, me ake so mai shawara ya yi? Da farko ya yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a, alal misali, "Me shan nan yake yi maka, me kuma yake ɗauke maka?" Sa'an nan ya saurara, ya mayar wa mutumin da ma'anar maganarsa: "Wato yana sa ka samu barci, amma kana jin kunyar haɗa ido da mahaifinka." Wannan salon sauraro gado ne daga Carl Rogers, wanda ya nuna muhimmancinsa a 1957. Akwai kuma dabarar ma'auni. A tambayi mutum, daga sifili zuwa goma, ina muhimmancin dainawa yake a wurinsa. Idan ya ce huɗu, kada a ce me ya hana takwas. A ce me ya sa huɗu, ba biyu ba. Nan sai ya fara kawo hujjojin dainawa da kansa. In shawara ta zama dole, a nemi izininsa kafin a ba shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka kuma wajibi ne a fahimci koma-baya. James Prochaska da Carlo DiClemente, a binciken da suka wallafa a 1983 kan mashaya taba 872, sun kwatanta sauyin hali da matakai: rashin tunanin dainawa, da fara tunani, da ɗaukar mataki, da riƙewa, da zamewa. Masana sun yi saɓani kan ko matakan a rarrabe suke haka, amma darasi ɗaya ya tsaya: da yawa sai sun faɗi sun tashi kafin su tsaya da ƙafafunsu. Wanda ya zame, a tambaye shi abin da ya koya daga zamewar.

Wani zai ce wannan shagwaɓa ce, kuma yaro sai da horo. Amsa ita ce, sauraro bai hana faɗin gaskiya ba, bai kuma ɗauke wa mutum alhakin aikinsa ba. Hasali ma a wuyansa yake ɗora shi. Gaskiya ne kuma cewa hirar zaburarwa ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ce. Bitar gwaje-gwajen da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2011 ta nuna ta fi barin mutum haka nan, amma ba ta nuna ta fi sauran ingantattun hanyoyi ba. Wanda jikinsa ya kamu da giya ko kodin ƙwarai yana bukatar likita, domin yanke giya farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya.

Batun bai tsaya a Amurka ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 da suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2019 kuma 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Kaduna, wasu ɗaure da sarƙa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare neman gyara suka je yi, domin ba su ga wata ƙofa ba.

Saboda haka ya kamata kwalejojin koyon jinya, da sassan ilimin tarbiyya, da cibiyoyin ba da shawara na jami'o'i su sanya wannan fanni cikin horon ɗalibansu, tare da gwaji a aikace ƙarƙashin idon ƙwararre, domin karatun kwana biyu ba ya koyar da shi. Zafin nema ba ya kawo samu. Mai shawarar da ya iya riƙe bakinsa har saurayi ya faɗi dalilinsa na dainawa, shi ne ya fi kusa da mayar wa iyaye ɗansu.