Harshen Damo Ba Gaskiya Ba Ne

Jama'a 'yan'uwana ɗalibai, wata gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina a ɗakin kwananmu, har dare ya raba ba mu kashe ta ba, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gabanku.

Abokin nan nawa mayen littattafan almara ne na Turawa, musamman masu labarin aljanu. Akwai wata ƙa'ida da marubutansu da dama suka yi tarayya a kanta, watau aljaninsu ba ya iya furta ƙarya ko da wuƙa a wuyansa. Haka abin yake a littattafan Holly Black da Cassandra Clare da Jim Butcher, dukansu mutanen Amurka. To, wai don haka ne abokina ya ce aljanun nan sun fi ɗan Adam mutunci. Ni kuwa na ce faufau, sun dai fi shi iya cuta.

Ku dubi littafin Holly Black mai suna The Wicked King, wanda ya fito a 2019. Sarkin aljanu Cardan ya auri Jude, 'yar mutane, a asirce, sa'an nan a gaban fadawa ya kore ta daga ƙasar, da sharaɗin in ta dawo kafin sarauta ta yafe mata, to a bakin ranta. Kowa ya ɗauka korar gaske ce, har ita kanta Jude ta koma cikin mutane tana ta cin baƙin ciki, alhali kuwa auren ya mai da ita sarauniya, ita ma sarautar ce, tana da ikon yafe wa kanta. Cardan bai faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba, amma taron ya watse da ƙarya a zuciyar kowa. Wa ya shuka ta?

A ganina, ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. Mai akuyar da ya ce maka tun da ya saye ta bai taɓa jin ta yi tari ba, alhali jiya ya saye ta kuma ya san ba ta da lafiya, ya cuce ka, ko da kowace kalmarsa za ta tsaya a gaban alƙali. Ya ma fi maƙaryaci haɗari, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, ran da aka kama maƙaryaci sai ya sunkuyar da kai. Mai harshen damo kuwa in ka kama shi, kai zai ɗora wa laifi, ya ce ba ka saurara da kyau ba. Gara mini Gizo sau dubu, don kowane yaro ya san maƙaryaci ne, ba ya kuma tafiya da rigar masu gaskiya.

Kakannin Turawan ma ba su ɗauki aljanunsu masu amana ba. A tatsuniyoyinsu na da, aljani ya kan ba mutum zinariya, gari na wayewa ta zama busasshen ganye. Shahararren mai harshen da ba ya ƙarya a labaransu kuwa mutum ne, Thomas na Erceldoune, wani mawaƙin Sikotland na ƙarni na 13, wanda aka ce sarauniyar aljanu ce ta ba shi wannan baiwa.

Abokina ya kawo hujjar tauriyya, ya ce ai malamanmu sun halatta magana mai fuska biyu. Haka ne, amma sun ɗaure ta da lalura, kamar kuɓuta daga hannun azzalumi, kuma sun haramta a ci haƙƙin wani da ita. Rantsuwa a gaban alƙali ma a kan nufin mai rantsarwa take tafiya, ba a kan dabarar da mai rantsuwa ya ɓoye a ransa ba.

Kada a ce na hana karatun littattafan nan. Ni ma na karanta na ji daɗi, kuma marubutan ba su ce aljanunsu waliyyai ne ba. Rigimata da mai karatun da ya mai da dabarar labari ta zama tarbiyya. Ga saurayi nan yana rantse wa yarinya ba shi da budurwa a makarantar nan, alhali an kai kuɗin gaisuwarsa a garinsu. Ga ɗan takarar ƙungiya yana cewa bai taɓa kuɗin ɗalibai da hannunsa ba, don yaronsa ne ya karɓo. Mu ne fa alƙalai da 'yan jarida da shugabannin gobe. In tun yanzu muka saba wanke harshe mu bar zuciya da dauɗa, ina talakan da zai zauna yana tankaɗe kowace kalmarmu kafin ya yarda da mu?

Wanda bai yarda da ni ba, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami. Allah ya sa mu gane gaskiya, ya ba mu ikon bin ta, amin.