A ɗinka lifidin Adar, ko da buhun siminti ne

Abin takaici ne matasan Illela su tashi nuna yaƙin Agabba a dandali, sai jarumi ya fito sanye da sulken kwali irin na finafinan Turawa. Kwalin ba shi da laifi, samfurin ne baƙo.

Barden ƙasar nan lifidi yake sawa, tufa mai cushe da auduga, ga kwalkwali da garkuwar fata. Duk ana iya kwaikwayonsu da kayan bola: a wanke buhun simintin Malbaza, a cusa tsummoki a ɗinke, tsohuwar ƙwarya ta zama kwalkwali. Gwangwani kam a ƙyale shi, yana yanka yara.

Kafin tela ya sa almakashi, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo su je fadar Sarkin Adar, dattawa su kwatanta musu siffar kayan.